Irin Albasa Daga Shagon Marayu

Duk Dangamaji an san Sa'idu da abu ɗaya, ba ya sayen irin albasa sai ya gwada. Ko ƙanensa ne ke sayarwa, sai ya ɗebo ɗan kaɗan da yatsu uku, ya ƙirga ƙwaya ashirin a cikin tsumma, ya ƙulle, ya sa aljihu. Sauran aikin na matarsa Zinatu ne. Ita ke tura tsumman ƙarƙashin randarta, inda ƙasa ba ta bushewa, tana yayyafa masa ruwa safe da yamma. Rana ta biyar a kwance. In goma sha takwas sun fitar da farin tsiro, ya koma ya biya. In goma sha biyu ne, ya taya rabin kuɗi. In ba su kai goma ba, zai ci gaba da gaida mai irin a kasuwa kamar ba abin da ya faru, amma ba zai ƙara tsayawa gaban buhunsa ba. Shekara talatin da ɗoriya haka suke yi.

Zinatu ta rasu a farkon damina, zazzaɓin kwana huɗu. Mutane suka zo, aka yi gaisuwa, aka watse. Sa'idu bai yi kuka ba, bai kuma kwanta ciwo ba. Ya yi noma, ya yi maimai, gero ya nuna ya girbe. In aka gaishe shi ya amsa. Ɗiyarsa Naja'atu na aiko masa da tuwo daga gidan mijinta, ya ci ya mayar da kwano, in ta tambaye shi ko gishiri ya ji sai ya ce ya ji, alhali bai lura ba. Randar kuwa tun ranar bakwai ba wanda ya zuba mata ruwa. Daga jarka yake sha.

Da ruwan sama ya ja baya, lokacin yafa irin albasa ya zo, sai ya kama ragunan nan biyu da suka kiwata tare ya kai kasuwar Jega. Farashin farko da aka taya ya sallama. Dillalin ma sai da ya dube shi sau biyu, don ya san Sa'idu da taurin ciniki. Ya cusa kuɗin a aljihu ya nufi layin masu iri, inda mudu ya kai dubu casa'in a bana. Bai kai can ba. Ƙafarsa ta bi hanyar da ta saba bi in zai ɗauko Zinatu ranar kasuwa, sai ga shi tsaye a ƙofar shagon marayu.

Shagon yana bakin titin da ya nufi Aliero, ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa. Wata ƙungiyar mata ce ta buɗe shi shekara shida da suka wuce. Matan da mazansu suka rasu ke kawo abin da hannunsu ya iya, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, sabulun da aka koya musu haɗawa, sai tufafin da masu hali suka gaji da su. In an sayar a sallami mai kaya, ragowar a saya wa marayu takalmi da littafi da magani. Aikin Allah ne, ba wanda ya taɓa cewa ba haka ba. Shi ya sa ya zama wuri ɗaya tak a Jega da ba a taya kaya. A cikin kasuwa mutum zai ɓata rabin awa a kan naira hamsin, ya lasa, ya shinshina, ya tafi ya dawo. A nan kuwa sai ya dubi abin da aka rubuta a jikin kwali, ya miƙa, ya ce Allah ya karɓa. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba, amma wa zai tsaya gaban jama'a yana lasar man marayu? Sabulun da ake sayarwa ɗari huɗu a kasuwa, a nan ɗari shida ne, kuma ba ya kumfa. Kowa ya sani. Ana saye a kai gida a wanke babur da shi. Zinatu ta yi shekara huɗu tana soya musu ƙuli-ƙuli, ta sha dawowa tana mita cewa ba kuɗin kaya suke karɓa ba, kuɗin kunyar mutane suke karɓa.

Tasalla ce ke tsaron shagon, doguwar mace mai hushirya, ƙawar Zinatu tun suna 'yan mata. Tana ganinsa ta miƙe.

"Malam Sa'idu! Kai na yau? Ina haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya."

"Ka rame hwa. Naja'atu ba ta ba ka abinci?"

"Tana ba ni."

Ta jawo masa benci. Ya zauna yana kallon kantar da ƙuli-ƙulin matarsa ke zama. Na wata ne a wurin yanzu, manya-manya, sun yi baƙi ta gefe ɗaya. Ya kalle su kamar yadda mutum ke kallon bango.

"Bana mun samu sabon kaya," in ji Tasalla. Ta janye wani zane daga kan buhu. "Irin albasa. Alhaji Buba na Aliero ya aiko muna buhu guda, sadaka, ko sisi bai amsa ba. Munka aika kasuwa anka ce mudu dubu casa'in, munka ce manoma ma abin tausayi na, mu sa saba'in. Ga rahusa, ga lada."

Sa'idu ya tura hannu a cikin buhun. Hannun ya gaya masa gaskiya tun kafin ya fiddo shi. Sabon iri yana da nauyi, yana zamewa tsakanin yatsu, baƙinsa na sheƙi. Wannan ba nauyi, ya yi toka-toka, kuma da ya kai shi kusa da hanci ba ƙamshin albasa sai warin ɗakin ajiya. Ya san abin da ya gani. Sanin ya tsaya can nesa, kamar maganar da ake yi a wani gida ana jiyowa ta katanga. Tsumma na cikin aljihunsa. Tasalla na tsaye tana murmushi, wasu mata biyu masu sayen man gyaɗa suna kallonsa.

"Auna mani mudu guda," ya ce.

Ta auna, ta ƙara masa tafin hannu a kai. "Wanga na Zinatu na," ta ce, idonta ya kawo ruwa. Ya biya. Ya ce Allah ya karɓa.

Lambun Sa'idu na cikin fadama, iyaka ɗaya da na Ayuba. Ayuba taubashinsa ne, ɗan kawunsa, gajere mai tumbi, wanda tun suna yara bai taɓa gaishe shi ba tare da tsokana ba. Ranar Talata Sa'idu ya gyara wurin renon iri, ya farfasa ƙasa, ya zuba taki, ya fara yafa iri. Ayuba ya jingina da fartanya yana kallo.

"Kai, bawana, yau ina alƙalin iri? Ba a yi zaman shari'a ba? Jiya-jiya ka sayo, yau ka yafa."

"Kayan marayu na."

"Na shagon Tasalla?" in ji Ayuba. Ko shi da bakinsa ba ya da ƙofa, a nan ya tsaya. "To, Allah shi sa albarka," ya ce, ya koma aikinsa.

Sa'idu ya rufe renon da ciyawa, yana ba shi ruwa safe da yamma. Rana ta takwas ya ɗaga ciyawar. Ƙasa ce baƙa a jiƙe, da ɗan tsiro nan, wani can, kana iya ƙirga su a tsaye. Na Ayuba, da aka yafa rana ɗaya, ya fito cunkus kamar gashin buroshi. Sa'idu ya mayar da ciyawar, ya ɗebo ruwa ya zuba. Washegari ya zuba. Wanshekaren ma ya zuba.

A rana ta goma Ayuba ya tsallako iyaka, ya tsuguna, ya tona ƙasar da yatsa. Ya fiddo ƙwayar iri, ya murza, ta narke kamar toka.

"Sa'idu, ƙasa kaka yi ma wanka. Irin ga ya mutu tun ba ka haɗu da shi ba."

"Wataƙila sanyin ƙasa na."

"Sanyin ƙasa ya tsaya iyakarka bai shigo tawa ba? Saurara in gaya maka. Reno kwana arba'in yaka so kahin a yi dashe. In ba ka sake yafawa nan da Juma'a ta sama ba, albasarka za ta taras da zahi tana ƙarama. Ƙwan zabo za ka haƙa. Fangalin dashe sittin gare ka, mi za ka sa ciki? Kana da kuɗin wani iri?"

"Babu."

"To tashi ka koma Jega."

"In ce mata mi?"

Ayuba ya sosa ƙeya. Ya yi tsaki, ya ce da ma Zinatu ce mai hankalin gidan, kowa ya sani, sannan ya ji nauyin abin da ya faɗa ya tsallaka iyakarsa.

Da la'asar Sa'idu ya koma gida. Ledar da aka zubo masa irin na rataye a ƙusa, da ɗan saura a gindinta. Ya daɗe tsaye yana kallonta. Sai ya fiddo tsumman daga aljihu, ya shimfiɗa a gwiwa, ya ƙirga ashirin, ya ƙulle. Ya nufi randa. Ƙarƙashinta ya bushe ƙayau, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Ya wanke ta, ya juye jarka biyu a ciki, ya jira har jikinta ya fara tsattsafo, sannan ya tura tsumman inda Zinatu ke turawa. Kwana biyu na farko ya manta da yayyafin yamma, sai da ya idar da sallar magariba ya tuna. Rana ta biyar ya kwance. Uku ne suka tsiro, su ma a wahalce.

Ranar Laraba ce. Ya ƙulle tsumman, ya hau kabu-kabu zuwa Jega.

Ya tarar da Tasalla da mudu a hannu, tana shirin auna wa wani magidanci. Mutumin Karaye ne, sunansa Aminu, da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya riga ya fiddo kuɗinsa. Sa'idu ya yi sallama, ya tsaya gefe. Ya ga mudun ya shiga buhu ya fito cike. Ya ga an buɗe bakin leda. Bai shirya wata magana ba. Ya matsa kawai, ya ɗora tsumman a kan tebur tsakanin sabulu da daddawa, ya kwance.

"Mi na na wanga, Malam Sa'idu?" in ji Tasalla.

"Irinku na. Ashirin na sa. Uku sunka tsiro."

Aminu ya sunkuya ya duba. Manomi ne, ba sai an yi masa bayani ba. Ya dubi tsumman, ya dubi kuɗin hannunsa, ya dubi kwalin da aka rubuta farashi, kunya ta rufe shi kamar shi ya yi laifin. "Ba komai, Inna," ya ce da Tasalla, "ki auna mani ko rabi, ai sadaka ta."

"Mai da kuɗinka aljihu," in ji Sa'idu. "In sadaka kaka so, ga akwati can, ka sa abin da kaka iyawa. In albasa kaka so, ba ta cikin buhun ga."

Aminu ya jefa ɗari biyar a akwatin, ya fita bai waiwayo ba.

Tasalla ta zauna a kan benci, mudun na kan cinyarta. Ita ba 'yar gidan masu albasa ba ce, ubanta mahauci ne, mijinta direba. A wurinta iri iri ne, kamar gero, in bai yi ƙwari ba yana nan da ransa.

"Irin albasa ba shi shekara biyu," Sa'idu ya ce mata. "Shekara guda, ya fara mutuwa. Wanga ya yi biyu, in bai yi uku ba. Kun tambayi na yaushe na?"

"Mu tambayi wa? Mutum ya aiko maka da buhu kyauta, ka ce mashi na yaushe na?" Ta dafe kai. "Mutum goma sha ɗaya sunka saya kahin kai da bayanka. Daga Birnin Malam, daga Karaye, har daga Maiyama. Ko ɗaya bai dawo ba. Ni ina nan ina murna, na ce bana mun yi abin kirki."

"Ba su dawowa."

"Don mi?"

Ita ma ta san dalili. Ta ce masa kuɗin sun riga sun tafi, an sayo wa yara takalman makaranta, an kai wata yarinya asibiti. Ya ce bai zo don kuɗi ba. Ta tambaye shi to don me ya zo. Ya dubi tsumman, shi kansa bai sani ba.

Tasalla ta miƙe, ta ƙulle bakin buhun, ta ja shi bayan ƙofa, ta cire kwalin farashin ta kifa shi. Tana tsaye da bayanta gare shi ta ce, "Tunda yau ranar hwaɗin gaskiya ta, sabulun hwa?"

"Ba shi kumfa."

"Tun yaushe?"

"Tun da kunka fara."

"La ilaha illallahu! Shekara shida! Ƙuli-ƙulin?"

"Ya ƙone ta gefe guda. Wutar ta yi yawa."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta share ido da bakin mayafi. "Tahi Aliero," ta ce. "Ka nuna ma Alhaji Buba abin da ka nuna mani. Mutumin kirki na. Yana da sabon iri, na gani da idona. Ba ya barin ka haka nan."

Aliero ba nisa. Ya sauka daf da azahar. Rumfar Alhaji Buba na bakin kasuwar albasa, buhuna jere har sama, manyan motoci na jiran lodi. Alhajin na zaune a kan kujerar roba, fari ne kakkaura, da waya biyu a gabansa da mutane kamar takwas a kan tabarma. Ya san Sa'idu, ya sha sayen albasarsa, ya kuma aika da gaisuwa lokacin rasuwar. Ya sa aka ba shi wuri da ruwan sanyi. Aka gaisa sosai. Sannan Sa'idu ya kwance tsumman a kan tabarma ya faɗi inda ya sayi irin da nawa ya saya.

Alhaji Buba ya dubi tsiron nan uku. Fuskarsa ba ta canja ba, ɗan kasuwa ne.

"Dubu saba'in sunka sa mashi?" ya ce. "Subhanallahi. Ni kyauta na ba su, Malam Sa'idu. Ɗakin ajiya anka share, anka taras da buhu, na ce maimakon shi lalace a kai ma marayu, ko wani abu su samu. Ban ce masu na bana na ba. Ba su tambaye ni ba. Ni na sa mashi kuɗi?"

"A'a, Alhaji."

"To ka gani. In da sun sa dubu goma, wanda ya saya ya san abin da ya saya, shi yafa da yawa. Mata na, ba su san kan abin ba." Mutanen tabarma suka gyaɗa kai. Alhajin ya juya waya a hannunsa. Ba ya son a ce sadakarsa ta kashe wa mutum shekara, balle mutumin da matarsa ta rasu bana. Ya ɗaga murya ya ce a ɗebo mudu guda daga sabon buhu, wanda shi kansa ya yafa a gonarsa.

Aka kawo a cikin kwano, aka ajiye gaban Sa'idu. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi.

"Ɗauki," in ji Alhaji. "Ba don na yi laihi ba. Don zumunci, da kuma haƙurin da kaka ciki. Ka yafa gobe, kana cimma lokaci."

"Allah shi saka da alheri," mutanen tabarma suka ce baki ɗaya. "Allah shi ƙara arziki, Alhaji."

Sa'idu ma ya ce Allah ya saka. Albasar bana ce a cikin kwanon nan, fangali sittin, abincin shekara da kuɗin taki. Ya san haka. Abin da ya rage ya juye a leda ya tashi. Amma tsumman na shimfiɗe a gabansa, da sauran danshi a jikinsa. Hannunsa ya kakkaɓe matattun ƙwayoyin a ƙasa, ya shafe tsumman ya daidaita shi, ya kai yatsu uku cikin kwanon. Ya fara ajiyewa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ba da fushi ya yi ba, ba kuma don ya tozarta kowa ba. Bai ma ɗaga kai ba. Abin da hannun ya ƙi yi a shagon Tasalla ne ya tashi yi yanzu, a inda bai kamata ba.

Duk mutanen rumfar suka zuba masa ido. Can waje wata mota na ja da baya.

"Malam Sa'idu," in ji Alhaji Buba a hankali. "Mi kaka yi?"

"Goma sha bakwai, goma sha takwas," in ji Sa'idu.

"Kyautata kaka gwadawa? Gaban mutane?"

Wani dattijo a gefe ya taɓa gwiwar Sa'idu. "Haba, Malam. Ba a yin haka. Ka ba shi haƙuri."

Sa'idu ya cika ashirin, ya ƙulle tsumman, sannan ya ɗago. Ya ga fuskokin da ke kallonsa. Ya gane abin da ya yi, kamar yadda mutum ke gane ya taka wuta bayan ya riga ya wuce. Ya nemi kunya a cikin ransa, ko tsoro, bai tarar da ko ɗaya ba.

"Wancan buhun ma kyauta ta, Alhaji," ya ce.

Alhaji Buba ya yi murmushin da bai kai ido ba. Ya yi nuni da haɓa, aka ɗauke kwanon. "To ka tahi da ashirin ɗinka ka gwada," ya ce. "In sun yi maka, ga kasuwa nan, mudu dubu casa'in na. Allah shi kiyaye hanya." Ya ɗauki waya ya kara a kunne.

Sa'idu ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ya yi azahar a masallacin bakin kasuwa, ya hau mota ya koma.

Da Ayuba ya ji labarin sai ya zauna daɓas a kan kunyar lambu ya riƙe tumbinsa. "Mudu guda! A hannunka! Kai, bawana, da na san haukanka ya kai nan da na ɗaure ka da igiyar jaki na tahi da kaina. Ba ka iya juyewa a leda ka zo gida ka yi shari'arka a ɓoye?"

"Ina iyawa."

"To mi ya hana?"

"Ban tuna ba."

Ayuba ya dube shi ya daɗe. Bai ƙara tsokana ba ranar.

Juma'a ta zo ta wuce. Ranar Litinin Sa'idu ya jawo tsumman daga ƙarƙashin randa ya kwance. Goma sha tara ne, farare tas, kowane da ɗan lanƙwasasshen tsironsa. Iri ne mai kyau ƙwarai. Ya daɗe tsugune yana kallonsu. Ya samo wani fasasshen kasko, ya cika shi da ƙasa, ya binne su a ciki, ya ajiye kusa da randar.

Lokacin dashe Ayuba ya gama nasa, ya tara ragowar renonsa ya turo masa a kwando, yana cewa ya karɓa ko ya gwada wannan ma. Da su da ɗan abin da ya tsira a nasa renon, Sa'idu ya cika fangali shida. Sauran hamsin da huɗu ya bar su haka, ciyawa ta rufe. Da rana yana taya Ayuba ban ruwa ana biyansa, shi da bai taɓa yi wa wani ƙwadago ba tun yana saurayi.

Alhaji Buba bai ƙara aika komai shagon marayu ba, maganar kuma ta zaga Jega. Wasu suka ce Sa'idu ya toshe wa marayu hanya. Wasu, waɗanda lambunsu ya zauna fayau a bana, ba su ce komai ba, sai dai wani mutumin Birnin Malam da ya gamu da shi a tasha ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Tasalla ta hana mai sabulu kawowa sai ta gyara haɗinta, matar ta yi fushi ta yi wata guda ba ta zo ba. Man gyaɗa aka mayar da shi kuɗin kasuwa, aka ajiye ɗan cokali a bakin galan don mai son lasawa. Sati uku cokalin na nan a bushe.

Wata safiya Naja'atu ta kawo masa koko da kanta, da wani ɗan ƙunshi da Tasalla ta ba ta a kasuwa. Sabulu ne, yanki guda, da saƙon cewa a gwada a faɗi gaskiya. Naja'atu ta ɗebi ruwa a randa ta sha, ta tsaya tana kallon kaskon da albasa goma sha tara ke tsaye a ciki.

"Baba, wa ka zuba ma randar ga ruwa?"

"Ni."

Ya ɗebo moɗa guda, ya tsuguna a bakin magudana, ya jiƙa hannu ya murza sabulun. Ya murza ya ƙara murzawa.

"Ki ce mata ya fara kumfa," ya ce. "Amma bai kai ɗari shida ba."

Ya ɗauraye hannunsa, ya juye ragowar ruwan a cikin kaskon, ya ɗauki fartanya ya fita.